Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya: Yadda Ake Ɗaure Akwatunan Sadarwa Su Zama Guda

Jama'a, duk wanda ya shiga babban ofis a wannan zamani, ko asibiti, ko banki, zai ga kwamfutoci bisa tebura, kowace tana aika wa 'yar'uwarta saƙo ba tare da masinja ya ɗaga ƙafa ba. Amma kaɗan ne suka san inda wayoyinsu suke taruwa. Akwai wani ɗan ɗaki, galibi a kulle, inda aka jera waɗansu akwatunan ƙarfe masu faɗi marasa tsayi, gabansu cike da kafofin soka waya da 'yan fitilu masu ƙyaftawa. Turawa suna kiran irin wannan akwati suwic, amma kada mai karatu ya zaci makunnin lantarki ake nufi. Aikinsa irin na gidan waya ne, watau ya karɓi saƙo, ya duba adireshi, ya miƙa wa mai shi.

Asalin abin daga Amurka ne. A shekarar 1973 wani masani, Robert Metcalfe, yana aiki a kamfanin Xerox, ya tsara hanyar haɗa kwamfutoci da waya wadda ake kira Ethernet. Wajen 1990 wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ya fito da akwatin da ke rarraba saƙo kafa-kafa, sa'an nan kamfanin Cisco ya saye shi a 1994.

Akwatunan nan iri biyu ne. Akwai marar linzami, wanda da an soka masa waya sai ya kama aiki, ba ya karɓar umurnin kowa. Akwai kuma mai linzami, wanda ke da adireshin kansa, ma'aikaci ya shiga cikinsa daga kwamfutarsa, ya rufe wannan kafa, ya buɗe waccan, ya ware sashen kuɗi daga sashen baƙi. A kan mai linzami za mu yi magana.

INDA WAHALA TAKE

Galibin akwatunan suna da kafa 24 ko 48. To, ma'aikatar da ke da kwamfuta ɗari uku fa? Tilas ta sayi bakwai ko takwas. In an bar kowane yana zaman kansa, ma'aikaci yana da adireshi takwas da zai riƙe, da tsari takwas da zai rubuta. Ran da aka sake wata doka sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, in ya manta guda kuwa, nan ɓarna za ta ɓullo.

Har wa yau akwai wani haɗari. Idan aka haɗa akwatuna da wayoyi na kullum har hanya ta zagayo inda ta faro, saƙon da aka yi wa kowa shela sai ya yi ta kewayawa yana ninkuwa, har ya toshe hanya duka. Wata masaniya, Radia Perlman, ta samo maganin wannan a 1985, da dabarar da ke sa akwatuna su rufe hanyar da ta yi rara. Dabarar ta yi amfani ƙwarai, sai dai waya ce aka saya da kuɗi take kwance ba aiki, sai ran da 'yar'uwarta ta yanke.

DAMI ƊAYA

Saboda haka masu ƙira suka fito da dabarar ɗaure akwatuna su zama dami ɗaya. Ana jera su wani bisa wani, a haɗa su ta baya da waɗansu gajerun igiyoyi masu kauri waɗanda aka yi musamman don wannan aiki. Da an kunna su sai su zaɓi shugaba a tsakaninsu, su ɗauki adireshi ɗaya da tsari ɗaya. Ma'aikaci ya ba da umurni sau ɗaya, duka su bi. Akwati takwas masu kafa 48 sun zama akwati guda mai kafa 384 ke nan.

Kowane kamfani da irin ɗaurinsa. A 2003 Cisco ya fito da Catalyst 3750, wanda ake ɗaure har tara, igiyarsu tana ɗaukar gigabit 32 cikin daƙiƙa, gigabit ɗaya kuwa ƙwayar saƙo miliyan dubu ne. Catalyst 9300 da ya fito a 2017 ana ɗaure takwas, igiyarsa tana ɗaukar gigabit 480. Kamfanin Juniper yana kiran nasa Virtual Chassis, waɗansu akwatunansa ana haɗa har goma. Abin lura shi ne, na wannan kamfani ba ya shiga damin wancan, kai, ko a kamfani ɗaya ma sai 'yan gida ɗaya. Mai sayen kayan ma'aikata ya san da wannan tun kafin ya sa hannu a takarda.

RUFE ZOBE

Ga yadda ake ɗaurin. Igiya ta tashi daga na ɗaya zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, har a kai na ƙarshe, sa'an nan a ɗauko wata daga na ƙarshe a komo da ita na ɗaya. An yi zobe ke nan. Wannan igiya ta ƙarshe ta fi sauran tsawo, shi ya sa ake sayar da su iri-iri, mai rabin mita, da mai mita ɗaya, da mai mita uku. Ita ce kuma aka fi mantawa wajen saye, don ko babu ita fitilu za su kama, aiki ya tafi kamar lafiya lau.

Amma fa lafiyar ta ido ce. In zobe a rufe yake, igiya ɗaya ta yanke, saƙo sai ya juya ta ɗaya hannun, ƙarfin hanya ya ragu da rabi, aiki bai tsaya ba. In kuwa a buɗe yake, aka sami yankewa a tsakiya, dami ya rabu biyu, kowane ɓangare ya tsai da shugabansa, su biyu suna amsa adireshi ɗaya. Masu magana sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya.

SARKI DA WAZIRI

Kada a bar zaɓen shugaba ga sa'a. A akwatunan Cisco ana ba kowane lambar daraja daga 1 zuwa 15, dukansu kuwa da 1 suke zuwa daga masana'anta. Mai hankali yakan ba wanda yake so ya yi sarauta 15, wazirinsa 14. A sababbin ƙira wazirin yana riƙe da kwafen abin da sarki ya sani, in sarki ya faɗi ya hau nan take.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai a ƙasar nan, inda wuta takan ɗauke ta komo. In duka suka mutu suka tashi, sabon zaɓe za a yi, wanda ya makara wajen tashi kuwa yana iya tarar da an gama. Don haka a sa musu batir mai riƙe wuta, a kuma kiyaye ɗakin daga zafin bazara da ƙurar hunturu.

In za a ƙara sabon akwati, a tabbata manhajarsa daidai take da ta sauran, a kashe shi, a ɗaura igiya, sa'an nan a kunna. In aka shigo da shi a kunne, ya zo da sarautarsa ke nan, za a yi takara, wanda ya faɗi kuwa sai ya mutu ya sake tashi, shi da mabiyansa, ana tsakiyar aiki.

ABIN DA ƊAURI BA YA MAGANI

Gaskiya ita ce, abin da aka ɗaure tare, tare yake faɗuwa. Kuskure ɗaya cikin umurni ya game kafa 384 a lokaci guda. Sabunta manhaja kuma galibi yakan bukaci a kashe damin duka a tayar, saboda haka sai a zaɓi dare ko ranar hutu, a kuma sanar da jama'a tun da wuri. Asibitin da ba ya iya jure tsayawar minti goma, gara ya yi dami biyu dabam.

Wayoyin da ke fita daga dami zuwa cibiyar ma'aikata kuma kada a tara su a akwati ɗaya. A soka ɗaya a na sama, ɗaya a na ƙasa, a gama su su zama hanya guda. Ƙa'idar gama wayoyi haka ta fito tun 2000, a cikin dami kuwa duka biyun suna aiki, babu wadda ke kwance. In akwati ɗaya ya ƙone, mutanensa kaɗai abin ya shafa.

To, shugabannin ma'aikatu, ba sai kun zama injiniyoyi ba kafin ku tsare dukiyar jama'a. Ku kira mai kula da ɗakin nan ku yi masa tambaya uku: an rufe zobe? Wane ne sarki, wane ne waziri? Ina aka ajiye kwafen tsari in duka suka lalace? In ya amsa ba inda-inda, ku gode masa. In ya yi shiru, a gyara tun yau, don rigakafi ya fi magani.