Kofi Ɗaya Na Dafaffen Alayyafo, Giram Nawa Ne?

Duk wanda ya taɓa zuba alayyafo cike da kwano a tukunya ya san yadda yake: kafin minti biyar ya motse, kamar wani ya kwashe rabi. A nan ɗalibai ke yin kuskure a darasin girki, idan littafi ya ce "kofi ɗaya" su auna ɗanye alhali dafaffe ake nufi. Sai miya ta fito tsululu, maki ya tafi.

Bambancin ba kaɗan ba ne. A ma'aunin Ma'aikatar Noma ta Amurka, kofi ɗaya (kimanin mililita 240) na ɗanyen alayyafon Turawa giram 30 ne, dafaffe da aka tsane kuwa giram 180. Ninki shida ke nan! Iska ce ta cika tsakanin ɗanyen ganye, da zafi ya taɓa shi sai ya yi laushi ya kwanta.

Saboda haka rabin kofi giram 90 ne, kofi ɗaya da rabi 270. Namu na gida bai kai wancan nauyi ba, kofinsa kusan giram 130 ne. Ku tsane shi a kwando kafin awo, kada ku danna shi cikin kofin, in kuma akwai sikeli a makarantarku, shi ya fi.