Yadda Sauron Garki Ya Karantar da Duniya

A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka haɗa ƙarfi don amsa tambaya ɗaya: shin feshi da magani za su iya katse zazzaɓin cizon sauro a ƙasa irin tamu? Suka zaɓi gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991.

Likitoci da masana ƙwari da masu duba jini suka taru, har da masanin lissafi Klaus Dietz. Ba su yi gaggawar feshi ba. Sai da suka shafe shekara ɗaya da rabi suna nazari. Duk bayan mako goma a soki yatsun mutanen ƙauye a duba jininsu. Da dare kuwa ma'aikata su zauna da ƙafafu a buɗe, duk sauron da ya sauka a kama shi a ƙirga.

A 1972 da 1973 aka feshe ɗakunan ƙauyuka 164 da maganin propoxur, a wasunsu aka ƙara da raba ƙwayar magani ga kowa. Inda aka haɗa biyun, cutar ta ja baya ƙwarai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka tsayar da aikin sai ta dawo kamar da.

Me ya faru? Ashe ba duk sauro ke da hali ɗaya ba. Wani idan ya sha jini yakan lafe a bango, guba ta kashe shi. Wani kuwa waje yake fita ya huta. Masani ɗan Italiya Mario Coluzzi ya nuna cewa wannan bambanci yana da alaƙa da gadon halittar sauron.

Daga jinin manoman Garki aka gina lissafin da ke bayyana yadda mutum da sauro da ƙwayar cuta da ruwan sama ke juya juna, kuma masu bincike Molineaux da Gramiccia suka tattara sakamakon a littafi a 1980. Har yau masu tsara yaƙi da wannan cuta suna komawa ga alƙaluman. Talakawan da suka miƙa yatsunsu shekara da shekaru abokan wannan bincike ne, kuma ya kamata 'ya'yanmu su san haka.