Ko Katin Sautin Kwamfuta Zai Iya Ɗaukar Hedifon Mai Yawan Turjiya?

Kowane hedifon, daga ɗan ƙaramin da ake cusawa cikin kunne har zuwa babban da ke rufe kunnuwa gaba ɗaya, yana da wata lamba da ake rubutawa a kwalinsa tare da alamar Ω. Wannan lamba ita ce turjiyarsa, wato gwargwadon yadda yake tare wa lantarki hanya, kuma ana auna ta da ma'aunin om, wanda aka raɗa wa sunan masanin kimiyyar Jamus Georg Simon Ohm da ya wallafa ƙa'idarsa a 1827. Yawancin hedifon da ake sayarwa don wayar hannu suna tsakanin om 16 da om 32. Waɗanda aka ƙera don ɗakunan ɗaukar sauti da gidajen rediyo kuwa sukan kai om 250, ko 300, wasu ma 600. Waɗannan su ne masu yawan turjiya, kuma a kansu tambayar take tasowa: idan aka jona su a ramin sauti na kwamfuta, za su yi aiki yadda ya kamata, ko sai an sayi wata na'ura ta daban?

Sauti kam zai fito. Babu hedifon ɗin da zai yi gum don turjiyarsa ta yi yawa, kuma jona shi a kati mai rauni ba ya lalata shi, ba ya lalata katin. Abin da ake shakka a kai shi ne ko ƙarar za ta wadatar, da kuma ko sautin zai fito garau ba tare da ya shaƙe ba.

A yawancin hedifon, a cikin kowane kunne akwai maganaɗisu, da wani siririn tantani, da naɗin waya mai laushi manne a bayan tantanin. Lantarki na bi ta naɗin, naɗin ya yi ta kai da komo a gaban maganaɗisun, tantanin ya girgiza iska, kunne ya ji sauti. Idan maƙeri ya yi amfani da waya siririya ƙwarai ya kuma yawaita naɗin, turjiya takan ƙaru. Idan wayar ta fi kauri, naɗin bai yi yawa ba, turjiya takan ragu. Yawan turjiya gado ne daga zamanin da. Hedifon na masu sauraron rediyo a shekarun 1920 yakan kai om 2000, kuma HD 414 da kamfanin Sennheiser ya fitar a 1968 ya fara fitowa ne da om 2000. A ɗakunan ɗaukar sauti akwai dalili na aiki: ana jona hedifon da yawa a amfilifaya guda don mawaƙa da makaɗa su ji abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma idan kowanne yana da turjiya mai yawa, tarinsu ba zai yi wa amfilifayar nauyi ba. Yaɗuwar na'urorin aljihu masu aiki da batir, tun daga Walkman na Sony a 1979, ita ce ta jawo turjiyar ta sauko, domin ƙaramin batir ba shi da ƙarfin turi mai yawa.

Ƙarfin turin nan, wanda ake aunawa da bolt, shi ne ƙashin bayan maganar. Kamar tankin ruwa ne da bututu: bututu mai ƙunci yana buƙatar tankin da aka ɗaga sama sosai kafin ruwa ya fito da ƙarfi, mai faɗi kuwa ko tankin yana ƙasa-ƙasa ruwa zai zubo, sai dai zai kwashi ruwa da yawa. Hedifon mai yawan turjiya yana son bolt mai yawa amma yana jan lantarki kaɗan. Mai ƙarancin turjiya ya wadatu da bolt kaɗan amma yana jan lantarki da yawa.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ninka bolt da kansa, a raba da turjiya, abin da ya fito shi ne ƙarfin da ya isa hedifon. Katin da iyakarsa bolt 1 zai ba hedifon mai om 32 kimanin miliwat 31. Katin nan dai zai ba mai om 300 miliwat 3.3, mai om 600 kuma miliwat 1.7 kacal. Kuma bolt 1 ɗin, ko abin da ya ɗan ɗara shi, shi ne abin da ramin sauti na kwamfutocin cinya da yawa yake iya bayarwa.

Sai dai miliwat shi kaɗai bai faɗi yawan ƙarar da kunne zai ji ba. Akwai lamba ta biyu a kwalin, wadda masu saye suka fi yin watsi da ita alhali nauyinta bai gaza na turjiya ba, wato saurin amsawar hedifon: desibel nawa yake fitarwa idan aka ba shi miliwat 1. Kamfanin Beyerdynamic na garin Heilbronn a Jamus ya dace da misali, domin yana fitar da samfuri ɗaya da turjiya daban-daban. Ana samun DT 770 Pro mai om 32, da mai 80, da mai 250, shi kuma DT 880 ana samun mai om 32, da 250, da 600, kuma kamfanin ya rubuta musu desibel 96 a kan miliwat 1. Duk lokacin da ƙarfi ya ninka biyu, ƙara takan ƙaru da desibel 3. Saboda haka a kan bolt 1, mai om 32 zai kai kusan desibel 111, mai om 250 zai tsaya a 102, mai om 600 kuma a wajen 98.

Wanda ya ga desibel 98 zai ce ai ya isa har ya yi yawa, tunda ƙarar da ta kai haka tana cutar da kunne idan ta daɗe. To amma wannan lamba ƙololuwa ce, inda katin ya ƙure. Kiɗa da magana ba sa tafiya a mataki guda. Dukan ganga ko tashin muryar mawaƙi yakan haura matsakaicin sautin da desibel 10 zuwa 20, gwargwadon yadda aka ɗauke shi. Waƙoƙin zamani da aka matse sautinsu don su yi ƙara a waya da mota ba su da wannan tazara sosai, shi ya sa suke fitowa da ƙarfi ko a kati mai rauni. Sautin fim, da tsofaffin faya-fayai, da ɗanyen sautin da ba a riga an tace ba, su ne ke tona asirin katin. Mai haɗa sautin fim ko waƙa a Kano ko Kaduna ko Jos yana aiki ne da ɗanyen sauti irin wannan, wanda da gangan ake ɗaukarsa ƙasa-ƙasa don kada ya fashe, saboda haka shi ne zai fara jin cewa ya ƙure murya amma hedifon ɗin bai tashi ba. Masu lissafin irin wannan sukan ɗauki desibel 110 a matsayin ƙololuwar da ke ba da sarari isasshe. Don kai wa nan da hedifon mai desibel 96, ana buƙatar miliwat 25, wato ƙasa kaɗan da bolt 1 ga mai om 32, bolt 2.5 ga mai om 250, da kusan bolt 4 ga mai om 600.

Wannan lissafi yana kuma rushe zaton cewa yawan om shi ne wahalar ɗauka. HE-6 na kamfanin Hifiman om 50 ne kawai, amma saurin amsawarsa bai wuce desibel 83.5 ba, don haka yana neman kusan rabin wat kafin ya kai ƙololuwar nan, abin da ya fi ƙarfin kusan kowane katin sauti. K701 na AKG, mai om 62, shi ma ya yi suna wajen wahalar da ƙananan na'urori.

Su kansu katunan ba ɗaya suke ba. Lokacin da kamfanin Creative na Singafo ya fitar da Sound Blaster a 1989, katin sauti wani allo ne daban da ake saya a cusa cikin kwamfuta. Daga baya Intel ta kawo tsarin AC'97 a 1997, sannan HD Audio a 2004, aikin sauti ya koma cikin ɗan ƙaramin cif da ke manne a babban allon kwamfuta, mafi yawa ƙirar Realtek ta Taiwan. Wannan cif yana juya lambobin da ke cikin fayil zuwa sauti, kuma yana yin hakan da kyau, amma ɗan amfilifayar da ke cikinsa yana aiki ne da wuta kaɗan, ba shi da inda zai samo bolt 4. Manyan alluna masu tsada sukan zo da cif irin su ALC1220 ko ƙarin amfilifaya, su kai wajen bolt 2, wanda yake wadatar da yawancin hedifon masu om 250 da 300 irin su HD 600 da HD 650 na Sennheiser. Katunan da aka ƙera musamman don hedifon sun wuce nan. Xonar Essence STX na Asus yana ɗauke da amfilifaya TPA6120A2 ta Texas Instruments, har da ramin da ake jona masa wuta kai tsaye daga akwatin wutar kwamfuta, kuma yana ɗaukar mai om 600 ba tare da wahala ba. Sound BlasterX AE-5 da Creative ta fitar a 2017 shi ma yana ɗaukar mai om 600. A ɓangaren kwamfutar cinya, Apple ta bayyana cewa MacBook Pro na 2021 yana gane turjiyar abin da aka jona masa: yana ba da har bolt 1.25 ga abin da bai kai om 150 ba, da bolt 3 ga abin da ke tsakanin om 150 da 1000.

Bayanin Apple ɗin nan ya fi amfani nesa ba kusa ba fiye da abin da aka saba gani a kwalaye, inda ake rubuta cewa kati «yana ɗaukar har om 600» a yi shiru. Irin wannan magana ba ta ɗaure kowa ba, domin kowane rami yana ɗaukar om 600 idan abin nufi shi ne sauti ya fito. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan faɗi bolt nawa ko miliwat nawa katin ke bayarwa a kan turjiya kaza, kuma wannan ne ya kamata mai saye ya nema.

Akwai lamba ta uku, wadda ba kasafai ake rubuta ta ba, wato turjiyar ramin katin kansa. Ƙarfin da kati ya turo yana rabuwa tsakanin turjiyarsa da ta hedifon. A ce ramin yana da om 75, kamar yadda ake samu a wasu allunan kwamfuta. Hedifon mai om 32 zai sami kashi 30 cikin ɗari kawai na bolt ɗin, mai om 300 zai sami kashi 80, mai om 600 kusan kashi 90. Bayan asarar ƙarfi, akwai sauyin launin sauti, domin turjiyar hedifon ba tsayayyiya ba ce, tana hawa tana sauka gwargwadon kauri ko sirantar sautin. Ta HD 600, alal misali, tana haura om 500 a wajen sauti mai kauri. Idan turjiyar rami ta yi yawa, wannan hawa da sauka yakan sa kaurin sautin ya kumbura ya yi lugub. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce turjiyar rami kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon: om 4 ga mai om 32, om 37 ga mai 300, om 75 ga mai 600.

A nan ne al'amarin ya juya. Ta fuskar ingancin sauti, hedifon mai yawan turjiya ya fi yi wa kati mai rauni sauƙi. Ba ya jan lantarki da yawa, saboda haka ɗan amfilifayar ba ya wahala, sautin ba ya gurɓata. Turjiyar ramin ba ta sauya masa launi sosai. Shuuu ɗin nan da tsit-tsit da ake ji a ƙaramin hedifon idan an motsa linzamin kwamfuta ko an jona caja, shi ma yakan ragu ƙwarai ko ya ɓace. Abu ɗaya yake rasawa, shi ne ƙara. Wannan ya sa mutane da yawa suke jona hedifon mai om 250 a kwamfutarsu shekara da shekaru ba su taɓa ganin aibu ba, kuma ba kunnensu ne ya yaudare su ba.

Gwajin ba ya buƙatar wata na'ura. A kunna sauti mafi ƙanƙanta da ake aiki da shi, ba waƙar da ta fi kowace ƙara ba. Idan ya wadatar alhali akwai sauran sarari a ma'aunin murya, kuma dukan ganga yana fitowa tsaf, katin ya isa, amfilifaya ba za ta ƙara wani abin kirki ba. Idan an ƙure ma'aunin kuma har yanzu ana neman ƙari, katin ya gaza. A kwamfutar tebur yana da kyau a gwada ramin gaba da na baya duka, domin a alluna da yawa ɗaya ne kawai aka haɗa da amfilifayar hedifon. Abin da ba ya magani shi ne tura murya ta wuce ɗari bisa ɗari a manhaja irin VLC. Wannan ba ya ƙara wa katin ko ɗigon bolt, sai dai ya datse kan sautin ya mai da shi mai ƙarce-ƙarce.

Idan katin ya gaza, hanyoyin gyara a buɗe suke. Ana iya sayen ƙaramar amfilifayar hedifon mai wutarta daban a jona ta a ramin kwamfutar, ko akwatin sauti na waje da ake jonawa ta USB, wanda kuma yake nesanta sautin daga hayaniyar lantarkin cikin kwamfuta. Sai dai USB bolt 5 yake bayarwa, kuma ba kowane akwati ne yake da dabarar ɗaga shi ba, don haka shi ma a duba bolt ɗin da yake fitarwa kafin a biya kuɗi. Wanda bai riga ya sayi hedifon ba yana da hanya mafi arha: ya zaɓi mai om 32 zuwa 80, kamar MDR-7506 na Sony mai om 63 ko ATH-M50x na Audio-Technica mai om 38, waɗanda ƙwararru ke aiki da su a ɗakunan sauti kuma kusan kowace kwamfuta tana ɗaukarsu.

Kati mai ƙarfi yana da nasa haɗari. Katunan irin su Xonar da AE-5 suna da matakan ƙarfi da ake zaɓa a manhajarsu, kuma idan aka bar kati a matakin om 600 sannan aka jona ƙaramin hedifon na waya, ƙarar da za ta fito tana iya ƙona naɗinsa ta kuma ji wa kunne rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar sauraro ga baligi a desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Saboda haka a sauke murya ƙasa kafin a sauya hedifon, a mai da matakin ƙarfi daidai da turjiyar wanda aka jona, sannan a ɗaga a hankali.