Limamin cocin da ya riga majalisa jin labarin Alger Hiss

In ka taɓa karanta tarihin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, wataƙila ka wuce sunan Alger Hiss ba ka lura ba. Jami'i ne a Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, shi ne babban sakataren taron San Francisco na 1945 inda aka kafa majalisar, kuma da shi Shugaba Roosevelt ya je taron Yalta. A watan Agustan 1948 sai wani tsohon ɗan kwaminisanci, Whittaker Chambers, ya tsaya gaban kwamitin majalisar wakilai ya ce Hiss nasu ne. Daga baya ya ƙara da cewa Hiss ya riƙa ba shi takardun gwamnati don a kai wa Tarayyar Soviet.

To ina ruwan cocin Katolika, za ka ce, tunda duk su biyun ba 'yan Katolika ba ne?

Ai tun 1945 sunan Hiss yake cikin wani rahoton sirri da Fada John Cronin ya rubuta wa bishop-bishop ɗin Amurka. Cronin malami ne a makarantar horar da limaman coci a Baltimore. Ya shiga harkar ƙungiyoyin ƙwadago, ya ga yadda 'yan kwaminisanci ke neman ƙwace shugabancinsu, a nan ya saba da jami'an FBI, har aka riƙa tsegunta masa abin da ke cikin fayil ɗinsu. Ni nan ne abin ya fi tsaya mini a rai: zargin da ko kotu bai je ba, ga shi hukumar tsaro ta miƙa shi hannun malamin addini.

A 1947 Cronin ya haɗu da wani sabon ɗan majalisa mai shekara 34, Richard Nixon. Ko tun lokacin ya ambata masa Hiss, masana tarihi na ta jayayya a kai. Abin da ba a musu shi ne Nixon ne ya riƙe wa Hiss wuta a kwamitin, shari'ar ta ɗaga shi, kuma da ya zama mataimakin shugaban ƙasa Cronin ya riƙa rubuta masa jawabai.

Kada ka ɗauka zafin kan mutum ɗaya ne. Tun 1937 Fafaroma Pius na 11 ya la'anci kwaminisanci a rubuce. A Disambar 1948, watan da Chambers ya zaro fina-finan takardu daga cikin kabewa a gonarsa, gwamnatin Hungary ta kama Cardinal Mindszenty. Ga 'yan Katolikan Amurka, da yawansu 'ya'yan baƙi daga gabashin Turai, wannan faɗa na gida ne.

A Janairun 1950 kotu ta samu Hiss da laifin rantsuwar ƙarya, don wa'adin tuhumar leƙen asiri ya riga ya wuce. Ya yi wata 44 a kurkuku. A 1995 Amurka ta fara sakin saƙonnin Soviet da ta warware a asirce, masana da yawa suka ce wani da ake kira "Ales" a ciki shi ne. Hiss ya mutu a 1996 yana da shekara 92, yana nan a kan bakansa cewa ƙazafi aka yi masa.