YADDA ZA A FITA DAGA BASHIN CACA

Duk shekara idan kaka ta yi, aka shigo da dawa da gero da waken suya, murna takan cika gidajen manoma a Wonaka da sauran garuruwan Gusau, Tsafe da Bunguɗu. Amma akwai gidan da amfanin ba ya kwana a rumbu. Tun a masussuka masu bin bashi suke tsaye da buhunansu. Wani bashin na taki ne ko na magani, wannan ba abin kunya ba ne. Wani kuwa caca ce ta jawo shi, kuma shi ne wanda mai shi yake ɓoyewa har ya cinye gona da shanun huɗa. A wannan wata za mu yi bayani a kan irin wannan bashi, da hanyar da mutum zai bi ya kuɓuta.

CACA TA KOMA CIKIN WAYA

A da, ɗan caca sananne ne. Ana ganinsa a bayan kasuwa da karta a hannu, ko a gidan kalo-kalo. A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Zamfara, doka ta fara aiki a Janairun 2000, caca ta zama laifin da kotu ke hukuntawa. A watan Nuwamba na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a yankunansu, ba gwamnatin tarayya ba.

To amma yanzu caca ta shiga wayar hannu, ita kuwa waya ba ta da ƙofar da za a garƙame. Yaro yana zaune a shago ko a majalisa, yana zuba kuɗi a kan ƙwallon Ingila ko Sifen, babu wanda ya sani.

Bashi ma ya bi ta nan. Akwai kamfanonin da ke ba da rance ta waya cikin 'yan mintoci, ba shaida, ba jingina, sai lambar BVN. Ma'aikata masu albashi kuma banki yakan ba su rance, ko katin bashi. Wannan kati ya yi kama da na ATM, amma akwai bambanci. Da katin ATM kuɗinka kake cirewa. Da katin bashi kuwa kuɗin banki kake kashewa, in ka wuce wa'adi a ɗora maka ruwa. Ga kuma tsohon bashinmu na karkara, wato a karɓi kuɗi da damina a biya da buhu da kaka, ko a jinginar da gona.

MU YI LISSAFI

Abin da ke riƙe ɗan caca shi ne tunanin cewa ci ɗaya zai biya komai. Bari mu auna wannan magana.

A ce mutum ya canki wasa 10 a takarda ɗaya, kowane wasa kuma ko dai ya dace ko ya faɗi, rabi da rabi. Damar ya dace da dukkan goman ita ce 1 cikin 1,024. Wato in mutum dubu da ashirin da huɗu suka zuba, kusan mutum ɗaya ne zai ci. Shi ne za a yi ta labarinsa a gari, sauran kuwa su yi shiru. Kamfanin caca kuma tun farko ya tsara lissafinsa yadda abin da zai biya bai kai abin da ya tara ba. Da wannan rarar yake biyan ma'aikata da talla.

Sai ɓangaren bashi. A misali, mutum ya ranci Naira 20,000 a kan ruwa kashi 20 cikin 100 duk wata, bai biya ba, ruwan yana hawa kan uwar kuɗi. Wata na farko bashin ya zama 24,000. Na biyu 28,800. Na uku 34,560. Na huɗu 41,472. Kafin a shuka a girbe, bashin ya ninka. Saboda haka cin caca sa'a ce da da wuya ta zo, hawan ruwa kuwa tabbas ne. Wanda ya ce zai biya bashi da caca, ɗiban ruwa yake yi da kwando.

MATAKI NA FARKO: A DAINA TONA

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ramin caca kuwa mai shi yake ginawa kansa, don haka abu na farko shi ne a ajiye magirbi. Ka goge manhajar caca daga wayarka, ka rufe asusunka na can. In babbar waya ce ke jan ka, sayar da ita ka sayi ƙarama, ragowar kuɗin ka rage bashi. Ka bar zaman majalisar da ba a hira sai ta cankar ƙwallo. Abin da aka ci ka ya tafi, kada ka bi sawunsa. Kuma kada ka ci sabon bashi don biyan tsoho.

MATAKI NA BIYU: A RUBUTA

Samu littafin rubutu ka ja layi huɗu: sunan mai bin ka, uwar kuɗi, ruwan da ke kai, da ranar biya. Ka rubuta kowa da kowa, har mai shayi da kuɗin adashin da ka taɓa. In ba ka iya rubutu ba, ka sa amini ko ɗan ajin yaƙi da jahilci ya rubuta maka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Bashin da ba a rubuta ba dodo ne a cikin duhu. In aka rubuta shi, an san girmansa, an san ta inda za a kama.

MATAKI NA UKU: A FAƊA WA WANI

Wannan shi ne mafi nauyi, amma sai da shi. Ɓoye ciwo ba ya maganinsa. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, ko mahaifi, ko yaya, ko liman, ka gaya masa gaskiya duka. Uwargida ma ta sani, domin abincinta da na 'ya'yanta ne a ciki. Daga nan ka miƙa wa amintaccen nan katin ATM da kuɗin amfanin gona ko na albashi na 'yan watanni, ya riƙa ba ka na cefane kawai. Wannan ba ƙasƙanci ba ne, shinge ne.

MATAKI NA HUƊU: WA ZA A FARA BIYA?

Kafin komai, a ware abincin gida da iri. Wanda ya ba da hatsin cinsa duka, da bazara zai koma cin wani bashin. Bayan haka a fara da bashin da ke riƙe da gona ko dabba, da wanda ruwansa ya fi gudu. Sauran a riƙa ba su kaɗan-kaɗan don su san ba guje musu aka yi ba. In dole sai an sayar da kadara, a fara da wadda ba ta kawo abinci. Gona da shanun huɗa su ne ƙarshe, domin da su za a biya bashin. Noman rani, ƙwadago ko 'yar tireda, duk abin da ya shigo a san rabon bashi a ciki.

MATAKI NA BIYAR: A NEMI SULHU

Kada ka jira mai bashi ya zo ƙofar gida. Ka je da dattijo ko mai unguwa, ka roƙi a yafe ruwa, a raba maka uwar kuɗi wata-wata ko kaka-kaka, a rubuta a gaban shaidu. Mai bashi da yawa ya fi son kaɗan tabbatacce a kan ƙara da rigima. Kuɗin da abokin caca ya ce ya ci ka kuwa, malamai ba su ɗauke shi haƙƙi ba, a kai maganarsa gabansu.

Mai bashin banki kada ya yi zaton gudu zai fisshe shi. Tun Agustan 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar ciro bashinsu daga asusun mutum na wani banki, in ya sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Sunan wanda ya ƙi biya kuma yana shiga rajistar masu taurin bashi, gobe ko rancen noma ya nema sai ya sha wuya. Gara ka je da ƙafarka ka nemi a sake tsara maka biya.

Masu rancen waya kuwa wasunsu kan aika wa 'yan'uwa da abokai saƙon cin mutunci. Ba su da wannan iko. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta wajabta musu yin rajista, kuma tana karɓar ƙorafi a kansu. A 2023 kamfanin Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. Ka ajiye saƙonnin a matsayin shaida. Amma ka sani, ƙorafi ba ya goge uwar kuɗi.

Mabarta, wato waɗanda bashi ya danne, suna cikin kaso takwas da ake ba zakka, kuma Jihar Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Sai dai malaman Malikiyya sun ce wanda ya ci bashi a kan saɓo ba a ba shi sai ya tuba. A nan ma, daina caca ita ce ƙofa.

KIRA GA IYAYE DA DANGI

Kada ku yi gaggawar biyan bashin gaba ɗaya a ɓoye don gudun abin kunya. Wanda aka wanke bai bar caca ba, sabon fili aka share masa. In za ku taimaka, ku miƙa kuɗin ga mai bin bashin kai tsaye, ku karɓi rasit, shi ma ya ɗauki rabonsa na biya. Kada kuma ku kore shi ko ku yi ta gori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, kamar ta shaye-shaye. Wanda ya yi ta ƙoƙari ya kasa bari, a kai shi ga likita a Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. In kuka ji ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi likita a ranar.

Jama'a, bashin da aka ci a wata uku yana iya ɗaukar kaka biyu ko uku kafin a gama shi. Wannan ba komai ba ne, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mai bashi ikon biya, amin.