Wayar da ta hana jirgin Kawu faɗuwa

A gidanmu na Mai Wurno, kudu da Sinnar, akwai wani jirgin ƙasa da bai taɓa fita ƙofar zaure ba. Kawuna ne ya ƙera shi da gwangwanayen madara, ya shimfiɗa masa layi na langa-langa a kan wani tsohon ƙyaure. Da fari mun ɗauka wasan tsufa ne kawai.

Kawu ya yi shekaru yana aikin mahwalji a mahaɗar jiragen Sinnar, inda layin da ya taso daga Khartum ya biyo ta Madani yake rabuwa, wani ya nufi Kosti, wani ya tsallaka madatsar ruwan da aka kammala a 1925 ya yi gabas. Mahwalji shi ne mai juya layi. Idan ya ja ƙarfen da ke hannunsa, wasu siraran ƙarafa biyu masu kamar harshe sai su matsa su manne da layi, ƙafafun jirgi su bi inda aka nufa da su. A nan ana kiran wannan wurin muftahi, wato mabuɗi.

Da yaƙi ya kai Madani a Disambar 2023, 'yan'uwa suka cika mana gida da yara. Babu makaranta, babu wurin zuwa. Sai Kawu ya janyo ƙyauren nan tsakar gida. Matsalar ɗaya ce: duk sanda jirgin ya zo muftahi sai ya tuntsure, yara su kwashe da dariya, shi kuwa ransa ya ɓaci.

Na ce masa, "Kawu, ai gwangwani ne, ba ya da nauyi, dole ya faɗi."

Ya harare ni. "Kai ɗan nan, duba ƙasan katakon kafin ka yi magana."

Na leƙa. Wata 'yar waya ce ta taso daga sandar da ake ja, ta ratsa huda a jikin katakon, ta kama harsunan layin daga sama. Wayar ɗaurin rodi ce, mai laushi. Idan an ja sandar, maimakon ta tura harshen har ya manne, sai ta lanƙwashe ta tsaya a haka. Ratar da take bari ba ta kai kaurin farce ba, amma nan ƙafar jirgi ke shiga, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu.

Ni na kawo shawarar sifok ɗin keke. Muka sa, ya yi ƙarfi da yawa, ja ɗaya ya fizge harshen daga mazauninsa. Kawu bai ce komai ba, ya tashi ya ɗauko wata karyayyar lema, ya zare siririyar waya mai tsalle daga cikinta, ya miƙar da ita, ya ɗan faɗaɗa hudar katakon don kada ta cije. Wannan ta tura harshen ya manne, ta ci gaba da danne shi, da aka saki kuma ta koma yadda take. Jirgi ya wuce sau goma bai faɗi ba.

Daga baya na gano cewa masu sha'awar ƙananan jiragen wasa a Amurka da Turai suna fama da irin wannan. Injin lantarki da suke ɗaurawa a ƙasan teburi yakan zo da waya mai kaurin kusan milimita 0.6, kuma idan katakon ya yi kauri sai su musanya ta da ta milimita 0.8 ko 1. Dalilin a lissafi yake: in aka ninka kaurin waya biyu, taurinta yana ninkuwa sau 16. Shi ya sa ɗan ƙari kaɗan ya isa, sifok mai kusan milimita 2 kuwa ya yi ɓarna. Tsawo ma yana da nasa: gwargwadon nisan wayar daga huda zuwa harshe, gwargwadon yadda take lanƙwasa.

Kawu bai san wannan lissafi ba, amma hannunsa ya sani. Ya ce a babban layi, mai faɗin milimita 1,067, ba a yarda da ido daga nesa. Sai mutum ya je ya tabbatar harshe ya manne, ya share yashi da tsakuwa, ya zuba mai, kafin a ba jirgi hanya. Haka abin yake a ƙaramin layin Jazira mai milimita 610, wanda ya riƙa kwashe audugar da iyayenmu suka tsinta a hawasha zuwa injinan gurza na Maringan da Hasahisa. Yau yawancin ƙarafan wannan layi an tumɓuke su.

Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 da ƙafa suka iso bakin wannan kogi. 'Ya'yansu suka koyi aikin jirgi, suka ci abinci da shi. Yanzu ana ta maganar gyara bayan yaƙi, kowa na lissafin kan jirgi da tarago. Ni abin da ke damuna shi ne wa zai tsaya a muftahi. Irin su Kawu sun fara ƙarewa, kuma ba wanda ya zauna ya rubuta abin da suka sani.

Yaran sun koma Madani bayan an buɗe hanya a 2025. Ɗaya daga cikinsu, 'yar shekara 11, ta tafi da ragowar wayar lemar a jakarta. Kwanan baya ta bugo waya tana tambaya: "Kaka, in katakon ya fi naka kauri, hudar zan ƙara ko wayar zan canza?"

Kawu ya karɓi wayar daga hannuna, ya gyara zama, ya ce mata ta fara auno masa kaurin katakon.