Kuɗi da siyasa a Dakoro: Wa ke biyan kuɗin atamfar kamfe?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dakoro ko ta Sabon Mashi ko Kornaka a lokacin yaƙin neman zaɓe, ya san yadda ciniki ke canza kama a 'yan makonnin nan. Mai sayar da atamfa yakan ga an zo an kwashe masa turame a tashi ɗaya ba tare da an tsaya ana jan ciniki ba. Mai sukari da ganyen shayi yakan rasa na sayar wa maƙwabcinsa, domin kowace fada ta samari an kai mata nata kason. Tela ba ya barci, 'yan kabu-kabu da 'yan ruwa-ruwa ba sa zama, mai tuwo-tuwo ta samu aikin ciyar da 'yan rakiya, makaɗa da maroƙa kuwa kakarsu ce ta yanke saƙa. Mata a raba musu sabulu da gishiri da ɗan kunshin magi, wani lokaci a haɗa da jaka guda ta kuɗin cefane.

To amma ruwa ba ya tsami banza, kuma babu wanda ya fi ɗan kasuwa sanin cewa duk kuɗin da ya fita daga aljihu yana da hanyar da zai bi ya komo. Tambayar da ba kasafai ake yin ta ba a lokacin da ake guɗa ita ce, daga ina ɗan takara ya samo waɗannan kuɗaɗe, kuma wa zai biya su daga ƙarshe?

Idan ba a manta ba, siyasar jam'iyyu da yawa ta dawo Jamhuriyar Nijar ne bayan babban taron ƙasa na shekarar 1991, taron da ya zaɓi wani ɗan wannan yanki, Cheiffou Amadou haifaffen Kornaka, ya zama firaministan riƙon ƙwarya har zuwa zaɓen 1993. Daga baya shi ne ya kafa jam'iyyar RSD-Gaskiya a 2004, shekarar da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a ranar 24 ga watan Yuli, aka samu kansiloli da magadan gari zaɓaɓɓu a gundumomi irin su Birnin Lalle da Ajekoriya da Ɗan Gulbi. Tun daga nan siyasa ta sauko daga Yamai ta shigo har rumfar kasuwa. An sake irin wannan zaɓe a watan Janairun 2011, sannan a watan Disamban 2020.

Shi kuwa yankin Dakoro ba wurin da ake yin kamfe da ƙafa ba ne. A ƙidayar 2012 mutanensa sun haura dubu 600, kuma a warwatse suke tun daga gonakin kudu har zuwa Kwarin Tarka da rugagen makiyaya na arewa. Wanda ke son a san da shi, dole ya nemi mota mai iya rairayi, ya cika ta da mai, ya ɗauki masu rakiya, ya gaida hakimi da mai gari da limami, kuma kowa ya san ba a zuwa gaisuwa hannu rabbana. Ranar zaɓe kuma sai ya ajiye wakili a kowace rumfa ya ciyar da shi, ya aika motocin da za su kwaso masu jefa ƙuri'a daga ƙauyuka. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti mai jiran albashin ƙarshen wata, ko da ya fi kowa gaskiya, ina zai samu wannan? Ko kuɗin ajiya kaɗai da aka nema daga masu takarar shugaban ƙasa a 2020 sefa miliyan 25 ne, wato jaka dubu 25, kuma cikin mutum 41 da suka kai takardunsu, 30 kawai Kotun Tsarin Mulki ta amince da su, rashin biyan wannan kuɗi na daga cikin abin da ya kayar da wasu.

A nan ne Alhaji ke shigowa. Alaƙar manyan 'yan kasuwar jihar Maraɗi da masu mulki ba yau ta fara ba. Tun zamanin cinikin gyaɗa da gwagwarmayar RDA da Sawaba ake damawa da su, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan Alhazan Maraɗi a 1986. A farkon 2016 kuma, ana dab da zaɓe, Jean-Pierre Olivier de Sardan na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai ya fitar da wani rubutu da ya ja hankali, inda ya ce duk wanda ya hau mulki a Nijar yakan tsinci kansa a cikin kurkuku huɗu, kuma na farko shi ne na manyan 'yan kasuwar da suka ɗauki nauyin kamfe ɗinsa. Bai ware jam'iyya ɗaya ba, domin kuwa abin ya shafi mai ruwan hoda ya shafi mai kore.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin a nan kala-kala ne. Akwai kwangilar da ake bayarwa kai-tsaye ba tare da an bari wasu sun yi tayi ba. Akwai takardar yafe kuɗin duwan ga kayan da aka shigo da su. Akwai kau da kai daga harajin da ya taru shekara da shekaru. Akwai kuma canza wa jami'in da ya cika bin doka wurin aiki.

Mai karatu zai iya cewa, to ni da nake auna gero da tiya ko nake kasa tumatir, ina ruwana da abin da manya suka ƙulla? Ruwanki ne kuwa tsundum. Ɗauki misalin 'yan kasuwa biyu da suka sayo shinkafa iri ɗaya daga wuri ɗaya. Na farko ya biya kuɗin duwan cif-cif, na biyu ya shigo da tasa da takardar yafiya saboda ya taimaki wanda ya ci zaɓe. Na biyun yana iya karya farashi har sai na farko ya rufe shago, idan ya rage shi kaɗai a fage kuma ya sa farashin da ya ga dama. Haka wanda aka ba kwangilar gina aji ko rumfunan kasuwa don ya mayar da kuɗinsa: a jikin siminti da ƙarfe zai cire su, damina biyu rufin ya fara yoyo. Gibin da aka bari a baitulmali kuwa, ai ba a wurin Alhaji za a cike shi ba. Mutane ba su manta da 2005 ba, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, har ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa na su Nouhou Arzika ya kira a rufe kasuwanni, a shekarar da yunwa ta yi wa Dakoro da kewaye mummunan kamu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Manyan badaƙaloli biyu sun nuna wa jama'a irin abin da ke faruwa a inda ɗan kwangila da mai riƙe da muƙami suke haɗuwa. A 2006 binciken kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, abin da aka fi sani da badaƙalar MEBA, ya kai tsofaffin ministoci biyu gidan kaso, kuma a kansa ne majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadou a ranar 31 ga Mayun 2007. A 2020 kuma binciken ma'aikatar tsaro ya ambaci kimanin sefa miliyar 76, wato miliyan dubu 76, da suka salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Abin baƙin ciki, ranar 15 ga Maris na wannan shekara da aka tarwatsa masu zanga-zanga a kan batun a Yamai, kasuwar Tagabati ce ta kama da wuta, aƙalla mutum uku suka rasa rayukansu, dukiyar 'yan kasuwa ta ƙone.

Ba wai ba a yi dokoki ba. Dokar jam'iyyun siyasa ta watan Disamban 2010, wadda aka yi a zamanin riƙon ƙwaryar Salou Djibo, ta tanadi gwamnati ta riƙa ba jam'iyyu tallafin kashi 0.30 cikin ɗari na harajin da ƙasa ta tara a shekara. A lissafin kasuwa, a kowace jaka ɗaya ta haraji ana cire sefa uku ke nan, ko dala ba ta cika ba. Manufar ita ce kada jam'iyya ta dogara da aljihun mutum ɗaya. Dokar ta kuma iyakance gudummawar da ake karɓa daga ƙasashen waje, ta wajabta wa kowace jam'iyya kai lissafin kuɗinta gaban kotun binciken kuɗin ƙasa, Cour des Comptes, a kowace shekara. Dokar zaɓe ta haramta sayen ƙuri'a da yin kamfe da kayan gwamnati. Tsarin mulkin 2010 ya tilasta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana dukiyarsu, ya kuma ce ɗan majalisar da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya bar kujerar. An kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA a 2011.

A takarda kam ba laifi. Sai dai duk wannan tanadi ya fi zuba ido a kan littafin lissafin da ke ofishin jam'iyya a Yamai, alhali kuɗin kamfe ba ta nan suke bi ba. Buhunan shinkafar da aka sauke da daddare a gidan wani jigo, da motar da Alhaji ya ba da aro har da direba da mai, da turamen da aka ɗauka bashi a shago, babu ko ɗaya da ke da rasit. Kafin a rushe su, jam'iyyu da yawa ma ba sa kai lissafin, ga shi a lokacin yawansu ya haura 150, wasunsu in ka cire shugaban da jakarsa babu abin da ya rage.

Mata kuma abin ya zo musu ta fuska biyu. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Wannan ci gaba ne babba. Amma matar da ta san kowace mai talla a kasuwa, wadda ta shekara goma tana riƙe da adashin mata ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ba lallai ita za a sa a jerin 'yan takara ba, idan akwai 'yar'uwar wanda ya zuba kuɗi.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun gwada wata hanyar, wato ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe. Dokarsu ta 2010 ta tsayar da naira biliyan ɗaya ga mai neman shugabancin ƙasa, ta 2022 ta ɗaga shi zuwa biliyan biyar, a shekarar da jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman tsayawa takarar kawai a kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Sannan aka zo da canjin takardun naira ana dab da zaɓen 2023, wai don a hana 'yan siyasa samun tsabar kuɗin sayen ƙuri'a. Fataken da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina su ne shaida a kan wanda ya ji a jikinsa: masu dabbobi da hatsi sun rasa mai saye da tsaba, ƙananan 'yan kasuwa sun kwana a bakin banki, har sai da Kotun Ƙolin ƙasar ta sa baki a watan Maris. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Iyakar kashe kuɗi tana aiki ne kawai inda alƙali zai iya taɓa babba, kamar a Faransa, inda aka haramta wa kamfanoni ba 'yan takara gudummawa tun 1995, kuma kotu ta samu tsohon shugaba Nicolas Sarkozy da laifi a 2021 saboda kamfe ɗinsa na 2012 ya zarce ƙa'ida.

A Nijar dai sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, suka jingine tsarin mulki, suka kafa hukumar COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, a ranar 26 ga Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa gaba ɗaya, aka ba Janar Abdourahamane Tiani wa'adin shekara biyar. Wasu sun yi murna, suna ganin an rabu da ƙaya. Amma rushe jam'iyya bai rushe kwangila ba, bai rushe takardar yafe duwan ba, kuma mai neman alfarma da kuɗinsa ba ya tambayar ko wanda ke kan kujera da ƙuri'a ya zo ko da takardar naɗi.

Duk ranar da aka zauna rubuta sabuwar dokar jam'iyyu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata suna da abin faɗa, don sun fi lauyoyi sanin inda kuɗin ke bi. A sa iyaka ga abin da ɗan takara zai kashe, har da mai neman kansila. A ƙidaya mota da buhu da turmi a matsayin gudummawa, a bayyana sunan wanda ya bayar. Wanda ya ɗauki nauyin kamfe, kada a ba shi kwangila kai-tsaye a wa'adin wanda ya taimaka wa. Akwai kuma wanda ba ya bukatar a jira zaɓe ko a je Yamai: hukumar gari ta riƙa liƙa takarda a ƙofar kasuwa kowane wata, ta kuma sa a karanta a rediyon gari, nawa aka tara na tikitin rumfa da na kara, wa aka ba aikin gyaran kasuwa, kuma a kan nawa.